Shin cakuɗa siminti da baƙar laka zai hana gini tsagewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi fili a gefen garin Numan, kuma ƙasarsa baƙar laka ce mai danƙo da damina, da rani kuwa sai ta dare har hannu ya shige cikin tsagar. Gidajen maƙwabtana biyu duk bangonsu ya tsage. Maginina ya ce mu cakuɗa ƙasar da siminti kafin mu kafa harsashi. Shin hakan ya wadatar?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, magininka ya kama hanya, domin gyara ƙasa da sinadari kafin a ɗora mata nauyi aiki ne da injiniyoyi suka daɗe suna yi, sai dai a irin ƙasarka ba siminti ne ya kamata a fara da shi ba.

Wannan ƙasa ita ce wadda mutanen Borno ke kira firgi, wadda ake noman masakwa a kanta bayan damina, kuma ta mamaye wurare da dama daga Dikwa da Ngala zuwa Deba da Numan. Matsalarta ba rashin ƙarfi kaɗai ba ce, domin idan ta bushe tana da tauri kamar dutse. Matsalarta motsi ne: tana ɗauke da wani nau'in yumɓu mai suna montmorilonait, wanda ke shan ruwa ya kumbura, sannan ya motse idan ya bushe. Kowace shekara ƙasar tana ɗaga gini ta sauke shi, kuma ba daidai wa daida ba, saboda gefen gida yana jiƙewa da bushewa fiye da tsakiyarsa. Shi ya sa tsagar kan fara daga kusurwar taga ko ƙofa ta tafi a karkace.

Abin da ya fi dacewa da irin wannan laka shi ne laim, wato farar ƙasar da ake samu idan an ƙona dutsenta, ba garin dutsen da aka niƙa ɗanye ba. Idan laim ya haɗu da laka mai laima, yana sauya yadda ƙwayoyinta ke riƙe ruwa, sai danƙon ya mutu, ta riƙa wargajewa a hannu, kuma a cikin makonni da watanni cakuɗin ya ci gaba da ƙara tauri. Yawanci ana zuba kashi 3 zuwa 8 cikin 100 na nauyin busasshiyar ƙasa, a cakuɗa, a yayyafa ruwa, a bar ta ta kwana ɗaya zuwa uku, sannan a sake cakuɗawa a daddaɓe. Siminti kuwa ya fi aiki a ƙasa mai yashi ko jar ƙasa mai marmara. Idan aka zuba shi a laka mai danƙo ba ya gauraya, sai ka tarar da dunƙulen laka an shafe bayansa da siminti, cikinsa kuwa yana nan yadda yake. Idan ana son ƙarin ƙarfi, akan fara da laim, sannan a bi da siminti, a daddaɓe cikin awa biyu kafin ya fara kamewa.

Daddaɓewar ita ce rabin aikin, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Ana yin ta hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce santimita 15 zuwa 20, da inji ba da ƙafar leburori ba, sannan a riƙa jiƙa wurin na kwana bakwai.

Ka kuma yi lissafi tun da wuri. Mita ɗaya mai tsawo da faɗi da zurfi ta daddaɓaɓɓiyar ƙasa ta kai kimanin kilo 1,800, kashi 5 cikin 100 kuwa kilo 90 ke nan. Gida mai mita 12 da 15, idan aka gyara zurfin rabin mita kawai, zai ci laim sama da buhu 160 masu kilo 50. Sau da yawa kwashe lakar a cike gurbinta da marmara ya fi sauƙi, idan akwai inda ake haƙarta kusa.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, gyaran yana tsayawa ne a inda cakuɗin ya kai, alhali ƙasar tana iya motsi har zurfin mita biyu ko fiye. Saboda haka kafin ka sayi buhu ko ɗaya, a haƙa ramukan gwaji, a kai ƙasar ɗakin gwaji domin a auna danƙonta da kumburinta, a kuma duba ko tana da gishirin salfet, domin idan yana da yawa laim da siminti kan sa ta ƙara kumbura maimakon ta lafa. Da wannan sakamakon ne injiniya zai yanke ko harsashin zai zama shimfiɗar kankare mai rodi da ta ɗauke gidan gaba ɗaya, ko ginshiƙai da za su wuce lakar su sauka kan ƙasa mai tsayawa. Bayan an gama gini, a yi daɓe mai gangara na aƙalla mita ɗaya da rabi a kewaye gidan, a nisantar da indararo da ramin ruwan wanka daga bango, kada kuma a shuka darbejiya ko bishiyar turare kusa da shi, domin saiwoyinsu suna zuƙe laimar gefe guda da rani.