Ƙananan RNA ba sa goge ƙwayar gado, saƙonta suke tarewa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin tambaya ko ƙananan RNA suna goge ƙwayar gado ne daga cikin DNA idan aka ce sun rufe mata baki. A'a, rubutun DNA yana nan yadda yake, saƙon da ya fito daga cikinsa suke tarewa a hanya.

Na daɗe ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a nan Kaduna, kuma a wannan gaɓar ɗalibai suka fi rikicewa, har sai da na fara yi musu misali da telolin Kasuwar Barci. DNA shi ne littafin awo da maigida ya kulle a durowa. Idan za a yi ɗinki, sai a kwafi awon a 'yar takarda a ba yaro ya kai wa tela. Takardar ita ce mRNA, wato RNA mai ɗauke da saƙon DNA, rigar da za a ɗinka kuwa furotin. To, akwai wani sinadari mai suna Dicer da ke daddatsa RNA mai zare biyu zuwa guntaye masu haruffa 21 zuwa 23, su ne ƙananan RNA ɗin, sai wani furotin, Argonaute, ya riƙe zare ɗaya yana gwada shi da takardun da ke wucewa. Idan haruffan suka dace tsaf, nan take zai yanke takardar. Idan wani sashe ne kawai ya dace, kamar yadda wani nau'in ƙananan RNA mai suna microRNA ya fi yi a jikinmu, sai aikin tela ya ja baya har takardar ta lalace. A aji nakan yayyanka kwali, in rubuta haruffan RNA, wato A, U, G, C, in miƙa wa ɗaliba ɗaya almakashi, kuma daga ranar ba sa sake mantawa.

Andrew Fire da Craig Mello ne suka bayyana a 1998 cewa RNA mai zare biyu na rufe wa ƙwayar gado baki, a jikin wata 'yar tsutsa mai tsawon kusan milimita ɗaya, suka sami kyautar Nobel a 2006. Victor Ambros da Gary Ruvkun, waɗanda aikinsu na 1993 ya fito da microRNA, sun sami tasu a 2024.

Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne ilimin ya kai ga majinyata. A 2018 Amurka ta amince da patisiran, magani na farko irin wannan, wanda ke hana hanta yin wani furotin mai lalata jijiyoyi. Da yake littafin awon yana nan, dole a riƙa maimaita maganin, domin da zarar ƙarfinsa ya ƙare, takardu za su ci gaba da isa wurin tela.