Tambaya da Amsa: Jitar bes mai tsirkiya huɗu ta ishe ni, ko sai mai biyar?

TAMBAYA: Salam Malam, barka da aiki. Ni matashi ne daga Barnawa nan Kaduna, wata shida kenan ina koyon kaɗa bes amma da jitar aro, yanzu na ɗan tara kuɗi inaso in sayi tawa ko da ta hannu ce. Abokaina sunce mai tsirkiya huɗu ta tsufa, wai in nemi mai biyar. Gaskiya ne? Kuma me zan duba kar a yi min sakiyar da ba ruwa?

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Ka gaida min abokan naka, kace musu marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tal ya zaga duniya. Huɗu ta isheka wallahi. Tun 1951 da maƙerin jita Leo Fender ya fito da bes mai suna Precision Bass a Amurka da tsirkiya huɗu ta zo, haka Jazz Bass ta 1960, kuma har gobe ana kwaikwayon ƙirarsu. Ana ɗaure tsirkiyoyin ne a sautukan da ake kira E, A, D, G, daga mai kauri zuwa siririya. Mai biyar tsirkiya ɗaya kawai ta ƙara, wato B ta can ƙasa, sai wuya ya ƙara faɗi, ga aikin danne tsirkiyar da ba ka kaɗawa don kar ta riƙa yi maka gunji a bayan kiɗa, ɗan koyo kuwa wannan kaɗai ya isa ya sa shi zufa.

Toh maganar dubawa. Ni dai ban damu da fenti ba, wuya nake fara kallo. Katako ne, yawancin jitocin bes tsawon tsirkiyarsu inci 34 ne, kullum tana jan wuyan kamar baka, shi yasa aka saka sandar ƙarfe a cikinsa da ake juyawa da alanki. Kaga garin nan namu, hunturu ya zo ya busar da katako ƙayau, damina ta zo ya sake shan danshi, haka wuyan zai yi ta motsi duk shekara. Ka ɗaga jitar ka leƙa ta daga kai zuwa gindi kamar mai saita bindiga, in ka ga ya murɗe gefe guda ka ajiye musu kayansu ko nawa suka rage. Sannan ka danne tsirkiya mai kaurin nan a ƙarfen firet na farko da na ƙarshe, wato ƙarafunan nan da ke jere a kan wuyan, ka duba tsakiya, ɗan tazarar da zaka gani tsakanin tsirkiyar da ƙarafunan bai kamata ya kai kaurin katin ATM ba. Ka shafa yatsa a gefen wuyan, in bakin ƙarafunan na kartar ka toh katako ya tsuke, wannan ana gogewa, ba abin fasa ciniki bane. Amma sandar ciki kace a juya ta a gabanka, in ta ƙi motsi ko kan ya cinye, gyaranta na iya fin kuɗin jitar. In jitar ta zama taka kuma kwatar zagaye ake juya sandar a jira, ba a yi mata ƙarfi.

Sai fikof, ba a-kori-kura nake nufi ba, maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya mai ɗaukar sauti. Na Precision a rabe yake gida biyu, sautinsa kauri ne da shi kuma ba ya yawan zuuu ɗin nan. Na Jazz guda biyu ne dogaye, sautin ya fi fita tas, amma in ka kunna ɗaya kaɗai zaka iya jin ƙara, balle a wurin biki da janareto.

Akwai mai batir akwai marar batir. Ni marar batir nake ba ɗan koyo shawara. In kuma mai batir ta faɗo maka, 9V take ci, ka riƙa zare wayar da ke haɗa ta da amfilifaya in ka gama don in ka barta a jone batirin zai ta zuƙewa har cikin dare.

Ka je kasuwa da wanda ya iya, a jona ta a amfilifaya ta bes, ka murɗa kowane maɓalli ka girgiza wayar a bakin jak, wato ramin da ake soka ta, ka ji ko zata yi ƙarar-ƙarar. Kuma don Allah kar ka je gida ka haɗa ta da ƙaramar sifikar falo ka ƙure murya, zata iya yage ta, Hajiya kuma ba ni zata nema ba.