Kayanka sun lalace tun kafin mota ta tashi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da fitilun sola a kan sari. Watan jiya na aika wa wani abokin ciniki katan 96 a kan falet biyu, wato katakon nan da ake jera kaya a kai don injin ɗaga kaya ya sure su gaba ɗaya. Da suka isa, falet ɗaya ya karkace, katan 17 sun murƙushe. Kamfanin sufuri ya ce ba ruwansa, ɗaurin ne bai yi ba. Ɗan yayata ne ke shirya min kaya, yaro ne mai amana, kuma ya rantse ya naɗe su da leda sosai. Yaya zan yi kamfanin ya biya ni? Ina son a gama wannan da wuri, don ina shirin fara cika kwantena zuwa ƙasashen waje, na lissafa jarina zai ninka uku cikin shekara.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya mayar da alheri. Na karanta wasiƙarka ina neman jimla ɗaya ban same ta ba: inda za ka ce ka ga falet ɗin da idonka kafin a loda shi. Ba ka gani ba. Ba ka da hoto, ba ka da nauyinsa a rubuce, ba ka san jeri nawa aka yi ba. Hujjarka kaf ita ce rantsuwar ɗan yayarka, kuma babu kamfanin sufurin da ke biyan diyya da rantsuwa.

Ban ce yaron maƙaryaci ne ba. Na yarda ya naɗe kayan da leda, wataƙila har ya yi gumi. Amma amana daban, iya aiki daban. Wa ya koya masa? Kai kanka ka iya? Da baƙo ka ɗauka, da ka tsaya a kansa ka duba. Da yake naka ne, kunya ta hana ka, ko kuma ka ga aikin bai kai a tsaya masa ba.

Tun daga nan ina iya hasashen abin da ya faru, domin kuskuren kusan iri ɗaya ne kullum. Ƙarfin katan a kusurwoyinsa huɗu yake. Idan aka jera shi kusurwa bisa kusurwa, nauyi na sauka kai tsaye zuwa katako. Idan aka saɓa jerin kamar ginin bulo, kusurwar na sama tana danna tsakiyar na ƙasa, inda ba shi da ƙarfi, kuma katan na iya rasa kusan rabin juriyarsa. Idan ya leƙo waje da bakin falet, ko da faɗin yatsa biyu ne, kusurwarsa tana rataye a iska, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa ya tafi. Falet irin na Turai santimita 120 ne da 80, akwai kuma mai 120 da 100. Da wannan awon ake zaɓen katan, ba a cusa ƙarin layi don a rage kuɗin mota. Ina zargin an cusa a naka.

Sai ledar. Mutane na zagaye katan da ita har su ga ta yi ƙyalli, su manta da katakon. Sun haɗe kayan wuri ɗaya, amma ba su haɗa su da falet ba, sai tulin ya zame gaba ɗayansa. Daga ƙasa ake farawa, a kama katakon da layin farko zagaye uku zuwa biyar, ana jan ledar tana miƙewa, sannan a hau sama kowane zagaye na rufe rabin na baya. A sa kwali mai kauri a kusurwoyi huɗu, a shimfiɗa wani a sama, a ɗaure da bel aƙalla biyu da suka ratsa ta ƙarƙashin falet. Ƙa'idar ɗaure kaya ta Turai, EN 12195-1, tana lissafa cewa in direba ya taka birki da ƙarfi, kaya na turawa gaba da kashi 80 cikin 100 na nauyinsu. Falet mai kilo 500 ke nan kamar an tura shi da kilo 400. Leda sako-sako ba ta tare wannan.

Batun tilasta wa kamfani kuwa, kada in yi maka daɗin baki. Rashin kyan ɗauri shi ne ƙofar da masu sufuri suka fi fita ta ciki, kuma doka ce ta buɗe musu ita. Yarjejeniyar CMR ta 1956 kan jigilar kaya ta mota tsakanin ƙasashe ta sauke wa mai mota alhaki idan ɗaurin mai kaya ne ya jawo ɓarnar. Ƙa'idojin Hague-Visby na jirgin ruwa ma haka suka ce. Ko inshorar kaya mafi faɗi, wadda ake rubutawa bisa sharuɗɗan Landan, ta cire asarar da ta samo asali daga ɗaurin da kai ko yaranka kuka yi ba daidai ba. In ma kamfanin sufuri ya biya, yawanci bisa nauyi ake lissafi, ba bisa darajar kaya ba, fitila kuwa tsadarta ta fi nauyinta. Ka ɗauko takardar da ka sa wa hannu ka karanta bayanta, za ka ga irin wannan sharaɗin. Idan wanda ya karɓi kayan ya rubuta ɓarnar a takardar kafin ya sa hannu, ya kuma ɗauki hoto, kana da ɗan abin riƙewa, ka je ka nemi sulhu ko ragi a jigila ta gaba. In bai rubuta ba, kada ka ƙara kuɗin lauya a kan asara.

Na san wani mai sayar da kayan gilashi da surukinsa ke kula masa da sito. Sau uku kaya na fashewa, sau uku yana canza kamfanin sufuri, yana cewa duk azzalumai ne. Sai da wani direba ya ƙi ɗaukar kayan, ya kira shi ya tura tulin da hannu ɗaya a gabansa, tulin ya yi rangaji. Ashe ranar da mota ta zo ake ɗaurin, direba na danna hon, ana ta sauri. Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin da ya gane, babban mai sayensa ya riga ya koma wajen wani, kuma bai dawo ba.

Ka yi wannan lissafin. Idan ribarka kashi 10 cikin 100 ce a kan kuɗin saye, sai ka sayar da katan 170 lafiya lau kafin ka cike gurbin 17 ɗin nan. Bel, kwalin kusurwa da ƙarin leda da wuya su kai kuɗin katan ɗaya.

Kada ka kori yaron. Ka biya wanda ya iya aikin ya koya muku ku biyu, rana ɗaya ta isa. Daga nan babu falet da zai fita sai an ɗauke shi hoto ta ɓangare huɗu da sama, an rubuta yawan katan, nauyi, tsawo, kwanan wata da sunan wanda ya ɗaure, direba ya sa hannu cewa ya karɓa lafiya. Kai ma ka tura shi da hannu ka gani. In ya motsa, a kwance a sake.

Maganar kwantena da ninka jari sau uku, ka ajiye ta tukuna. Wanda bai kai falet biyu lafiya ba yana zancen goma, abin da kwantena mai ƙafa 20 ke ɗauka ke nan in falet ɗin mai 120 da 100 ne. A teku kaya na yin makonni suna jijjiga, ga danshi, kuma kwalin da ya sha danshi yana rasa rabin ƙarfinsa ko fiye. Katakon kansa sai an gasa shi har cikinsa ya kai digiri 56 na minti 30, an buga masa hatimin ISPM 15, wato ƙa'idar duniya kan katakon ɗaurin kaya, in ba haka ba ana iya tsare kayan a tashar jirgin ruwa ko a mayar da su, kuɗin ajiya na hawa a kanka. Ka aika jigila goma a jere babu katan ɗaya da ya lotsa, kowace da hotonta da takardarta, sannan ka sake rubuto min mu yi lissafin kwantena.