Gasa uku na shiga, ko ɗaya ban samu ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne mai zane a Garwa, kuma da rubutun allunan shaguna nake cin abinci. Cikin shekara biyu na shiga gasa uku, ɗaya a Yawunde, ɗaya a Duwala, ta ukun kuma ta intanet wadda na biya sefa 15,000 kuɗin shiga. Duk amsar ɗaya ce, wai an gode amma ba a zaɓe ni ba, kuma ba a faɗi dalili ba. Abokaina sun ce sai wanda ya san wani. Shin in ci gaba ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Na daɗe ina kallon hotuna biyar ɗin da ka haɗo da wasiƙarka, musamman na masuntan bakin kogin Binuwai, kuma ba na shakkar cewa Allah ya ba ka hannu. Sai dai ka jingine zanen a bangon ɗaki ka ɗauke shi da dare, hasken wayar ya wanke fuskar tsohon da ke gyaran taru, ga kuma buta da takalmi sun leƙo ta gefe. Abin ya dame ni, domin alƙalan nan ba zanenka suka gani ba, wannan hoton suka gani. A zagayen farko sukan zauna gaban kwamfuta da tulin dosiye, wato takardu da hotunan da masu shiga gasa suka aiko, kowane hoto bai fi ɗan lokaci kaɗan a idonsu ba, kuma wanda bai fito sosai ba wucewa ake yi, ko da asalinsa ya fi na kowa.

Saboda haka ka fitar da zanen da safe, ka rataye shi a inuwa inda haske ya daidaita, ka goge ƙurar hunturu daga idon kyamara, ka tsaya daidai tsakiyarsa, sannan ka yanke duk abin da ba zanen ba. Ka rubuta sunansa, da shekara, da tsawo da faɗi a santimita, da irin fentin da ka yi amfani da shi. Na kuma lura cewa hotunan naka biyar kamar na mutum biyar ne: ga masunta, ga fure, ga fuskar ɗan ƙwallo. Alƙalai sun fi natsuwa da wanda ya kama abu ɗaya ya bi shi, don haka da ni ne, masuntan kaɗai zan aika. Bayanin aikin kuma, tunda galibi da Faransanci ake nema, ka fara rubuta shi da Hausa yadda yake a zuciyarka, sannan wanda ya iya ya fassara.

Ba zan ce babu sanayya ba, amma sau da yawa jigon da aka sanya wa gasar ne bai dace da aikin mutum ba. Barthélémy Toguo, mai zane ɗan ƙasar nan ta Kamaru da ya kafa cibiyar fasaha ta Bandjoun Station, ya kai cikin mutum huɗu na ƙarshe a kyautar Marcel Duchamp ta Faransa a 2016, amma Kader Attia aka ba, kuma hakan bai tsayar da shi ba.

Batun kuɗin shiga ne nake so ka yi hattara da shi. Kada ka sake biya sai ka ga sunayen alƙalai da na waɗanda suka ci a baya, ka kuma san wanda zai ɗauki nauyin kai zanen da dawo da shi. Ka riƙa bibiyar sanarwar doual'art, cibiyar fasaha da aka kafa a Duwala a 1991, da ta Dak'Art, bikin baje kolin fasaha da ake yi a Dakar duk bayan shekara biyu, ka kuma leƙa Alliance, cibiyar al'adu da koyar da Faransanci ta nan Garwa, ka tambayi yadda ake samun wurin baje koli. Idan ka sake ɗaukar hoton masuntan, ka aiko mini in gani kafin ka tura wa kowa.