Hukuncin Shuka Waken da Aka Gyara wa Ƙwayoyin Halitta

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni manomi ne a Ƙaura Namoda. An kawo mana irin waken SAMPEA 20-T, an ce tsutsa ba ta cin sa. Wasu na cewa canza halittar Allah ne. Ya halatta in shuka, in ci, in sayar?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ya halatta, ɗan'uwa.

Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da ke Jami'ar Ahmadu Bello ce ta fitar da wannan iri, gwamnati ta amince da shi a 2019. Masana sun ɗauko ƙwayar gado daga wata bakteriya, wato ƙaramar halitta da ido ba ya gani, da ke rayuwa cikin ƙasa, suka sanya wa waken don ya kare kansa daga tsutsar nan mai huda fure da kwanso. Ba daga alade aka ciro ta ba, kuma asalin abubuwa halacci ne har sai dalilin haramci ya zo.

Masu hanawa suna kafa hujja da aya ta 119 a Suratun Nisa'i, inda Shaiɗan ya ce zai umurci mutane su canza halittar Allah. Amma magabata sun fassara canza halittar da ke cikinta da canza addinin Allah, wasu da dandaƙar dabbobi. Gyaran amfanin gona kuwa, Annabi (SAW) ya bar wa manoman Madina barbarar dabinonsu, ya ce su ne mafi sanin al'amarin duniyarsu, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa (Ƙungiyar Musulmi ta Duniya) ma, a zamanta na Makka a 1998, ta halatta fasahar gyaran ƙwayoyin halitta a noma da kiwo, da sharaɗin kiyaye cutarwa.

Wannan sharaɗi nake so ka riƙe da kyau. Ranar da amintattun likitoci suka tabbatar yana cutarwa, hukunci ya canza. Jita-jitar WhatsApp ba ta kai nan ba. Kuma a auna ɗaya gefen: duk mun ga yaro goye da tankin feshi, ba safar hannu, ba takunkumi, magani na zuba masa a gadon baya, sau shida ko fiye a damina ɗaya. Irin da zai rage wannan zuwa sau biyu, shari'a ba ta raina maslaharsa.

In za ka sayar da shi a matsayin iri, wajibi ne ka faɗi ko wane iri ne. In don ci za ka sayar ma, wanda ya tambaye ka kada ka ɓoye masa, domin ɓoyewar algus ce. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya shuka irinsa na gida, amma kada ya haramta wa maƙwabcinsa.

Wallahu a'alam.