Kafin Ka Sayi Furosesa Don Situdiyonka, Fara Sanin Madabod Ɗinka

Tambayoyin wannan makon sun fito ne daga masu ƙananan situdiyo a garuruwan Jigawa da karkarar Kano, waɗanda ke ɗaukar waƙoƙin biki da na bege da tallace-tallace. Na haɗa su wuri guda domin damuwarsu ɗaya ce: wane kaya ne zai shiga kwamfutar da nake da ita, kuma wanne ya kamata in fara saya?

Tambaya daga wani gari kusa da Gumel: Assalamu alaikum Malam. Kwamfutata Dell OptiPlex 7010 ce 'yar gwanjo, furosesa i5-3470, RAM 4GB, had-disk 500GB. Da FL Studio nake aiki. Da zarar na jera kiɗa na ɗora muryar mawaƙi da ta 'yan amshi, sai sautin ya riƙa tsinkewa yana ƙas-ƙas. Wani ya yi min tayin furosesa i7 zubi na 10 a Kano, ya ce shi ne maganin matsalar. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka saya. Ko kyauta aka ba ka, ba zai zauna a kwamfutarka ba.

Furosesa, wato ɗan guntun da ke sarrafa duk aikin kwamfuta, yana zama ne a wani gurbi da ke kan madabod, wato babban allon da dukkan kayan cikin kwamfuta ke haɗuwa a kansa. Gurbin ana kiransa soket, kuma Intel kan canza shi bayan zubi biyu ko uku. Naka soket ɗin LGA1155 ne, wanda aka yi wa furosesa zubi na 2 da na 3, na shekarun 2011 da 2012. Zubi na 4 ya koma LGA1150. Na 6 zuwa na 9 suna LGA1151, kuma ko a nan akwai tarko, domin madabod ɗin zubi na 6 da na 7 ba ya karɓar na 8 da na 9 duk da sunan soket ɗin ɗaya ne. Zubi na 10 da aka yi maka tayi LGA1200 yake buƙata. Kowace ƙwarya da abokiyar burminta. Sunan i7 kaɗai ba ya gaya maka komai sai ka ga lambar da ke biye da shi: 3770 zubi na 3 ne, 4790 na 4, 10700 na 10.

Furosesan da ya kamata ka nema in har za ka canza shi ne i7-3770. Ƙwaƙwalwa huɗu gare shi kamar naka, amma kowace tana jan layin aiki biyu, ka ga 8 ke nan maimakon 4. Zai taimaka, sai dai ba da shi zan ce ka fara ba.

Ka fara da RAM, wato ma'ajiyar wucin-gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin. Windows 10 kanta tana cinye wajen rabin 4GB kafin ma ka buɗe FL Studio. Idan RAM ya cika, kwamfuta sai ta koma tana ajiye abin da ya yi saura a kan had-disk, shi kuwa faifai ne mai juyawa da allura, ba zai iya miƙo sauti a kan lokaci ba. Tsinkewar da kake ji galibi daga nan take. Kwamfutarka RAM nau'in DDR3 take ci, mai gudun 1600, dogo irin na kwamfutar tebur. Ka kai ta 16GB, ko dai 8GB guda biyu ko 4GB guda huɗu. Idan biyu ne, su zama iri ɗaya, ka sa su a ramuka masu maƙalli launi ɗaya, domin a haka ne suke aiki tare ta hanya biyu. DDR4 ba zai shiga ba, tsagar da ke ƙasansa ba a wuri ɗaya take da ta DDR3 ba, kuma wanda ya danna da ƙarfi ramin zai fasa. Ka kuma kiyayi RAM ɗin manyan kwamfutocin saba. Yana da araha a kasuwa, amma idan ka ga lambar jikinsa ta ƙare da harafin R, kamar 12800R, ka bar shi. Naka ya ƙare da U. Wani abu kuma da ake yawan mantawa: ka duba ko Windows ɗinka 64-bit ce. Idan 32-bit ce, ko ka sa 16GB ba za ta ga abin da ya wuce 4GB ba.

Sai SSD, wato ma'ajiya marar faifai mai juyawa da ke maye gurbin had-disk. Wannan madabod ba shi da ramin M.2, inda ake soka ƙaramin SSD na zamani, don haka ka nemi SSD na SATA mai inci 2.5, 500GB ko 512GB. Yana karanta kusan 500MB a daƙiƙa, ninkin tsohon faifanka sau uku ko huɗu, kuma wajen tsinto ƙananan fayilolin ganga da fiyano bambancin ya fi haka nesa. Ka ɗora Windows da FL Studio da aikin da ke hannunka a kansa, tsohon faifan ya zama ma'ajiyar waƙoƙin da ka gama.

Dole kuma in faɗa maka iyakar wannan kwamfuta, don kada ka zuba mata kuɗin da ya wuce darajarta. Furosesa zubi na 3 ba shi da fasahar AVX2, wadda ta fara daga zubi na 4, kuma wasu sababbin manhajoji irin su Ableton Live 12 ba sa tashi sai da ita. Microsoft ta daina kula da Windows 10 ta gama-gari tun 14 ga Oktoba, 2025, ita kuma Windows 11 a ƙa'idarta daga zubi na 8 take farawa. RAM da SSD za su ba ka numfashi ka ci gaba da karɓar aiki kana tara kuɗin wata. SSD ɗin ma zai bi ka zuwa sabuwar kwamfutar.

Tambaya daga Birnin Kudu: Malam, Allah ya ƙara basira. Ni sabuwa nake son haɗawa gaba ɗaya, amma ina so in yi amfani da akwatin tsohuwar HP ɗina da fawa-fak ɗinta don rage kashe kuɗi. An kuma ce min sai na sayi babban katin hoto. Yaya zan yi?

Amsa: Amin, tare da kai. Akwatin HP ɗin ka haƙura da shi. Yawancin kwamfutocin ofis na HP da Dell da Lenovo da ke shigo mana gwanjo, kamfanin ya yi musu madabod da fawa-fak (akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta) nasa na kansa ne. Madabod na kasuwa yana karɓar wuta ta filogi mai ƙafa 24, da yawa daga waɗancan kuwa mai ƙafa 6 ko 8 ne, ga wayoyin maɓallin kunnawa su ma daban. Ka sayi akwati na gama-gari mai wurin shan iska, da fawa-fak mai watt 450 zuwa 550 na sanannen kamfani, mai tambarin 80 Plus. A nan ne ba na son a yi rowa. Fawa-fak marar kyau in ya tashi mutuwa yakan tafi da madabod da SSD, da aikin mutane da ka riga ka karɓi kuɗinsa.

Haɗi biyu zan ba ka, ka ɗauki wanda ka samu cikin sauƙi. Na farko Intel i5-12400 a kan madabod B660 ko B760, soket LGA1700. Ka lura, waɗannan madabod iri biyu ne, akwai mai cin DDR4 akwai mai cin DDR5, kuma babu mai cin duka biyun a cikin waɗanda za ka tarar. Ka karanta jikin kwali kafin ka sayi RAM. Na biyu AMD Ryzen 5 5600G a kan madabod B550, soket AM4, wanda DDR4 kawai yake ci. Dukansu ƙwaƙwalwa 6 ne da layin aiki 12, kuma dukansu watt 65 aka rubuta musu, ba za su wahalar da inbata ba. Idan B450 aka ba ka, ka sa mai shago ya kunna a gabanka, domin wasunsu sai an sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod ɗin kansa, kafin su gane 5600G.

Ka sa 16GB, ko 32GB idan kana amfani da manyan taskokin sauti irin na Kontakt. Ma'ajiya kuwa SSD nau'in NVMe mai 1TB a ramin M.2. Kada girman ya ba ka tsoro, muryar WAV mai 24-bit a hanya biyu tana cin kusan 16MB a minti guda, kuma waƙa ɗaya layuka nawa ne.

Katin hoto ba ka buƙatarsa. Sauti furosesa ne ke sarrafa shi, katin sai ƙarin zafi da ƙarar fanka da cin wuta. Abin lura kawai, furosesan ya kasance mai fitar da hoto da kansa. Na Intel da ya ƙare da F, kamar 12400F, ba ya fitarwa. Haka Ryzen 5 5600 marar G. Wanda ya sayi ɗayan waɗannan ba tare da kati ba, allonsa baƙi zai tsaya. Idan kana haɗa bidiyon biki ma, to wannan zance ne daban.

Da yake tafiya ce daga Birnin Kudu zuwa Farm Centre ko titin Beirut, kada ka baro Kano sai an haɗa komai an kunna a gabanka. Ka sa a buɗe manhajar CPU-Z, kyauta ce, za ta nuna maka ainihin sunan furosesa da madabod da RAM. Ka haska fitilar waya ka duba ƙananan alluran: a Intel suna cikin soket ɗin madabod, a AM4 suna jikin furosesa. Ko ɗaya ta lanƙwashe, kada ka karɓa.

Tambaya daga Ringim: RAM ɗin tsohuwar laftof ɗina zai shiga kwamfutar tebur?

Amsa: A'a, gajere ne. Sai fa irin ƙananan kwamfutocin nan masu girman littafi, kamar OptiPlex Micro ko EliteDesk Mini, su RAM ɗin laftof suke ci.

Tambaya daga wajen Rano: Malam, mawaƙana suna kukan cewa muryarsu na dawo musu a makare cikin abin kunne. Na ƙara RAM amma babu canji.

Amsa: RAM ba shi da hannu a wannan. Kwamfuta tana tara sauti ne ƙunshi-ƙunshi kafin ta sarrafa, girman ƙunshin shi ake kira bafa. A ma'aunin ɗaukar sauti na 44,100 a daƙiƙa, bafa 512 na jawo jinkirin kusan kashi 12 cikin 1,000 na daƙiƙa a shiga, da wani kamarsa a fita. Bafa 128 kuwa kusan kashi 3 ne. Mawaƙi yana jin na farkon sosai, har ya riƙa saɓa wa kiɗa.

Abin da kake buƙata sawun-kad ne na waje mai shiga ta USB, wanda ke da direban ASIO nasa na kansa, wato manhajar da ke haɗa shi da kwamfuta ba tare da dogon jinkiri ba. Focusrite Scarlett Solo ko 2i2 suna da shi, haka Behringer UMC202HD. UMC22 ya fi araha amma da ASIO4ALL yake dogara, kuma bai kai direban kamfani natsuwa ba. Lokacin ɗaukar murya ka sauke bafa zuwa 128 ko 256, ka kashe ƙananan manhajojin gyaran sauti (plugin) masu nauyi da ke kan babban layin fita. Lokacin gyara ka mayar da shi 512 ko 1024 furosesa ya huta. Akwai kuma maɓalli a jikin waɗannan sawun-kad da ke tura murya kai tsaye daga makirfo zuwa kunne ba ta bi ta kwamfuta ba. Ka danna shi, ka rufe muryar da ke dawowa daga manhaja don kada ya ji ta sau biyu. Idan makirfonka kondensa ne, ka tabbata sawun-kad ɗin yana ba da wutar 48V.

Tambaya daga Babura: Ranka ya daɗe, in na koma kan inbata ko janareta sai sifika ta riƙa gurnani, wani lokaci kwamfutar ta mutu ta tashi da kanta. Madabod ne ya lalace?

Amsa: Ba na zaton haka. Tunda da canjin wuta abin yake zuwa, wutar za mu fara tuhuma. Inbata iri biyu ce. Mai araha tana fitar da wuta mai gaɓa-gaɓa, ita ke shiga sifika ta zama gurnani, kuma fawa-fak na zamani ba ya jituwa da ita, shi ya sa yake yankewa. Ka nemi wadda aka rubuta wa pure sine wave a jiki. Kwamfutar da ba ta da katin hoto ba kasafai take wuce watt 150 ba, don haka inbata 1kVA ta ishe ta tare da allo da sifiku, muddin ba ka jona firiji ko ayan a layin ba. Janareta kuma kada ka jona kwamfuta kai tsaye a kansa, ka bari ya cika batir, ko ka sa UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe wuta, a tsakani.

Ka jona kwamfuta da sifiku da allo a soket ɗin wuta guda. Ka yi amfani da wayoyin XLR ko TRS daga sawun-kad zuwa sifika, ka raba su da wayoyin wuta. Shaguna da yawa a garuruwanmu ba a ja musu wayar ƙasa ba, ka kira mai gyaran wuta ya kafa ƙarfen ya haɗa.

Idan kwamfutar tana mutuwa ko a kan wuta mai kyau, musamman da rana a watan Afrilu da Mayu, to zafi ne. Ƙurar hunturu ta toshe fanka tun watannin baya, furosesa kuma in ya doshi digiri 100 yakan rage gudu ko ya kashe kansa. Ka cire filogi, ka buɗe akwatin a waje, ka riƙe fankar da yatsa don kada ta juya, ka busa da bulowa. Ka goge busasshen man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. Sannan ka ɗauke akwatin daga ƙasa ka ɗora a kan benci, ka bar masa tazarar taƙi guda daga bango.