Amsa ga mai tambaya kan biyan yara ladan aiki da kuɗin kashewa a hutu

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin tambaya ko ya dace ki riƙa biyan yaranki idan sun yi aiki a gida, domin su tara abin da za su kashe idan kun je ganin dangi a dogon hutu, kuma kin nuna fargabar kada hakan ya sa musu kwaɗayi. Na daɗe ina bin wannan hanya da nawa yaran, kuma ina ganin amfaninta, muddin kuɗin ya zama na yaron ne da gaske, kuma idan ya ƙare ya ƙare ke nan.

Da farko sai ki raba aiki gida biyu. Shara, wanke-wanke, gyaran shimfiɗa da zuwa aike haƙƙin gida ne a kan kowa, ba a biyan ko sisi a kansu, domin yaron da aka saba ba shi naira hamsin kafin ya je shago, wata rana kakarsa za ta aike shi ya tsaya yana kallon hannunta. Haka nan ba na sa farashi a kan salla ko karatun Alƙur'ani. Abin da nake biya shi ne aikin da da ma wani zan ɗauka daga waje ya yi, kamar wankin mota, guga, tsintar wake idan an sayo da yawa, ko nome ciyawar bayan gida da damina. Mukan yi ciniki kafin a fara, in duba aikin bayan an gama, idan bai yi ba a sake, sannan in biya nan take ba tare da cewa sai gobe ba.

Inda iyaye da yawa ke ɓata lamarin shi ne wajen ajiya. Yaro ya dawo daga yawon salla da kuɗin barka da salla, uwa ta ce kawo in ajiye maka, daga nan kuɗin ya shige cefane, ba a sake maganarsa ba. Abin da yaron ya koya shi ne mai ajiya asara yake yi, gara ya kashe tun a hanya. Kuɗin yaro amana ne. A gidana kowa yana da asusunsa na ƙasa, wanda ba a buɗe shi sai an fasa, da ɗan littafin da yake rubuta abin da ya jefa. Idan larura ta sa na ranci wani abu daga babbarsu, da hannunta take rubutawa, kuma ina mayarwa. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta yi umarni a jarraba marayu kafin a miƙa musu dukiyarsu, kuma ko da yake maganar marayu take yi, na ɗauki darasin cewa iya riƙon dukiya abu ne da ake gwadawa kaɗan-kaɗan.

Idan tafiya ta zo, kuɗin mota, abinci da magani duk a wuyan iyaye suke. Kuɗin yaro na marmari ne da tsaraba. A wani hutu da muka yi a Kano, ɗana ya ƙarar da nasa a Gidan Zoo wajen askirim, balan-balan da ɗaukar hoto. Da muka shiga Kasuwar Kurmi ya ga wata 'yar jakar fata mai ado, ya ɗauka, ya juya ta, ya tambayi kuɗinta, ya laluba aljihu, sannan ya ajiye ta a hankali, alhali yayarsa tana can tana taya mundaye da kuɗin da ta riƙe. Raina ya sosu ƙwarai, amma ban cika masa ba, ban kuma yi masa gori ba. A hutu na gaba shi da kansa ya kasa kuɗinsa a takardu, ya rubuta rana a kan kowace.

Ki ba su takardun kuɗi a hannu, domin yaron da yake ganin ana sa kati a POS ba ya ganin wani abu na raguwa. Ki bar su su yi ciniki, su ƙirga canjinsu. Ki kuma sanar da kakanni tun kafin ku isa, cikin ladabi, cewa kyautarsu abar godiya ce, amma kada a cike wa wanda ya ƙarar da nasa a ɓoye.

Ga manyan yara kuwa, tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 farashin kaya ya tashi sosai, kuɗin da ya daɗe a asusu ba ya sayen abin da zai saya a da. Saboda haka nakan shawarci wanda ya kai shekara goma sha biyu ya tafi hutu da rabi, ya sayi kaza da ragowar, kuma hatsinta da maganinta daga aljihunsa za su fito.